Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Ra'ayin Makaranci A Kan Littattafai Iri Huɗu

A duk lokacin da marubuta suka zauna zaman karatu, aka karanta labari, aka ce jama'a su tofa albarkacin bakinsu, maganganun da aka fi ji su ne "ya yi daɗi", "ya burge ni", ko kuwa "ni dai bai kama ni ba". Daga nan sai a tafa, a wuce zuwa ga na gaba. Wasu manazarta kan raina irin wannan furuci, su ce ai wannan ba sharhi ba ne. Ni ban raina shi ba, domin don makaranci aka rubuta littafi, kuma abin da ya ji a ransa shaida ce da ba a yar da ita. Illarsa ɗaya ita ce an tsaya a rabin hanya. In an ce labari ya yi daɗi, kamata ya yi a ƙara tambaya: me ya kawo daɗin? In kuma bai kama mutum ba, a ina ya sake shi?

Wannan tambaya ce na yi wa kaina game da littattafai iri huɗu da na fi karantawa, wato na soyayya, da na al'ajabi masu aljanu da tsafi da jarumai, da littattafan zane na ƙasar Japan da ake kira manga, sai kuma na tarihin rayuwa waɗanda mutum ke ba da labarin kansa da kansa. A ido ba su da wata dangantaka. Amma da na jera waɗanda suka zauna mini a zuciya gefe guda, waɗanda na manta kuma ɗaya gefen, sai na ga abu ɗaya ne ya raba su. Duk littafin da ya kama ni, tauraronsa ya biya kuɗin abin da ya samu, ya rasa wani abin da yake ƙauna, kuma marubucin ya bar ni na ji zafin rashin. Wanda bai kama ni ba kuwa, tauraronsa a banza ya samu komai. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Littattafan Soyayya

Bari mu fara da gida. A shekarun 1990 an tafka muhawara a jaridu kan littattafan da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, inda irin su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka tsaya a kan cewa bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Mafi yawan gardamar ta karkata ne ga tarbiyya, wato ko littattafan suna ɓata 'yan mata ko suna wayar musu da kai. Tambayar da ta fi damuna ni a matsayina na makaranci daban ce. Me ya sa wani littafin soyayya kan hana ni barci, wani kuma in kai shafi na ashirin in ajiye?

Ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da komai sai ilmi da kyawun hali, a gida kuma an fi son Abdulƙadir mai dukiya. Wannan zubi ba sabo ba ne, an yi shi kafin littafin, an kuma yi shi sau ba adadi bayansa. Abin da ya sa nasa ya tsaya shi ne Sumayya ta sa duk abin da ta mallaka a kan faifai: jin daɗin gidansu, da yardar manyanta, har da ranta, tunda ta kai ga faɗawa rijiya. Ba yabon wannan aiki nake yi ba, kuma an soki marubucin a kansa ƙwarai. Sai dai makaranci ya yarda cewa yarinyar nan da gaske take, domin ya ga abin da son ya ci mata. Inda littafin ya ɗan sake ni shi ne wajen mazan biyu. An fifita Muhammad da kyawawan halaye har zaɓin ya zo da sauƙi. Da a ce Abdulƙadir ma yana da abin so na haƙiƙa ban da kuɗinsa, da wahalar Sumayya ta ninka, da kuma tausayin makaranci ya ninka tare da ita.

Littafin da ya fi dukana a wannan fanni shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ana lissafa shi cikin na soyayya, amma labarin abin da ke biyo bayan soyayya ne. Rabi ta haifa wa Alhaji Abdu 'ya'ya tara, ya auro Delu, ya kore ta da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci tana ciyar da su tana biya musu kuɗin makaranta. Da duniya ta juya wa Alhaji Abdu baya, kantinsa ya ƙone, amaryar ta watsar da shi, sai aka taru a kan Rabi ta yi haƙuri ta karɓe shi. Na rufe littafin nan raina a ɓace, kuma ɓacin ran nan shi ne nasarar marubuciyar. Rabi ta biya sau biyu. Ta biya da aka kore ta, ta sake biya da 'yancin da ta samu da guminta. Marubuciyar ba ta lallashe ni ba, ta bar ni da tambayar ko adalci aka yi wa matar nan, kuma har yau tambayar ba ta sake ni ba.

To, kwatanta wannan da tarin littattafan da kowa a cikinmu ya sani ba sai an kama suna ba. Yarinya kyakkyawa ce ta ƙin ƙarawa, an cinye shafi uku ana siffanta gashinta da idonta. Saurayin talaka ne, amma kada mai karatu ya damu, kafin littafi na biyu ya ƙare za a gano ashe ɗan wani attajiri ne da aka sace tun yana jariri, ko kuma wani kawunsa ya mutu ya bar masa gidaje. Kishiya muguwa ce tun daga shafin farko, ƙarshenta hauka ko haɗarin mota. A irin wannan labari ba wanda ya zaɓi komai, marubucin ne ya share wa masoyan hanya da tsintsiyarsa. Ana gama karantawa ake mantawa, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Littattafan Al'ajabi

Mutum zai zaci a labarin aljanu da tsafi wannan ma'auni ba zai yi aiki ba, tunda duniya ce da komai ke iya faruwa. A nawa ganin, a nan ma ya fi aiki. In komai na iya faruwa ba tare da ƙa'ida ba, to ba abin da zai sa gaban makaranci ya faɗi.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, labarin neman ruwan magani ne a ƙasar aljanu. Amma tambayi duk wanda ya karanta shi tun yana makaranta, me ya fi tunawa? Zai ce maka Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Dalili kuwa shi ne a tsakanin Alhaji Imam da Zurƙe ba a cin bashi a kwana lafiya. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa ƙeta a wannan gari, zai sha tasa a gari na gaba, da duka da ɗauri da kunya a bainar jama'a. Kafin Alhaji Imam ya kai ga ruwan ya ci wuya ta shekaru, shi ya sa da ya samo shi muka ji ya cancanta.

Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka gina a kan labarin wani jarumin tatsuniyoyin Rasha. Iliya ya tashi a gurgunce, sa'annan aka ba shi ƙarfi, amma da sharaɗi, har aka ambata masa waɗanda ba zai yi faɗa da su ba. Ƙarshensa kuma bai zauna a gadon sarauta yana shan daɗi ba, dutse ya zama, shi da dokinsa Kwalele. Wannan ƙarshe ya tsaya mini fiye da duk yaƙe-yaƙen da ke cikin littafin.

Abin da nake gani a yawancin littattafan yaƙi da tsafi na baya-bayan nan shi ne jarumi mai takobin da ba ya dakushewa da zoben da ke biyan kowace bukata. Ya kashe dakaru dubu a shafi ɗaya, ko ƙwarzane bai samu ba. In ya shiga matsala, sai ga wani tsoho ya ɓullo daga babu da wata laya da ba a taɓa ambata ba. Marubucin na zaton yawan abin mamaki ne ke riƙe makaranci. Ni dai abin da ke riƙe ni shi ne in san iyakar ƙarfin jarumin, in kuma ga an kai shi bakin iyakar.

Manga

Ga wanda bai saba ba, manga labari ne da ake bayarwa da zane da ɗan rubutu kaɗan, galibi baƙi da fari, ana fara buga shi kashi-kashi a mujalla kafin a tara shi a littafi. Daga dama ake buɗe shi a karanta zuwa hagu, don haka wanda ya tashi da allo da ajami ba zai ji baƙunta ba. Osamu Tezuka, wanda ya rasu a 1989, shi ake ɗauka uban wannan fasaha a sigarta ta zamani. Mutane da yawa na ɗaukar manga wasan yara. Guda biyu daga ciki sun isa su sauya wa mutum wannan ra'ayi.

Na farko shi ne Fullmetal Alchemist na Hiromu Arakawa, wadda ta yi shi daga 2001 zuwa 2010 cikin littafi 27. Wasu yara biyu 'yan'uwa, Edward da Alphonse, mahaifiyarsu ta rasu, suka yi ƙoƙarin dawo da ita ta hanyar wani ilmin sarrafa abubuwa da ake yi a duniyar labarin. Abin haramtacce ne ko a wurinsu, kuma bai yiwu ba. Edward ya rasa ƙafarsa ta hagu, ƙanen ya rasa jikinsa gaba ɗaya, sa'annan Edward ya ba da hannunsa na dama don ya ɗaure ran ƙanensa a jikin sulke. Dokar wannan ilmi ita ce ba ka samun abu sai ka ba da wani abu daidai da shi, kuma marubuciyar ta riƙe dokar nan har ƙarshe. Da lokacin dawo da jikin Alphonse ya zo, abin da Edward ya bayar shi ne ilmin nasa kacokan, wato abin da ya sa ake jin sunansa. Ƙarshe ne mai daɗi, 'yan'uwan sun koma gida, amma an biya kuɗinsa a gaban idona. Duk mai son rubuta labarin tsafi ya kamata ya nazarci yadda aka kafa doka ɗaya aka gina littafi 27 a kanta.

Na biyu shi ne Hadashi no Gen na Keiji Nakazawa, wanda ya fara fitowa a 1973, ma'anar sunan kuwa Gen mara takalmi. Nakazawa yana ɗan shekara 6 a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a garin. Mahaifinsa da yayarsa da ƙanensa duk sun mutu a ranar. Wannan ne ya zana. Akwai wurin da gida ya rufta a kan mutum ukun nan, wuta na matsowa, yaron da mahaifiyarsa mai tsohon ciki suka yi iyakar ƙoƙarinsu su ɗaga katakon suka kasa, dole suka tafi suka bar su. Ban taɓa karanta wani abu a kan yaƙi da ya girgiza ni kamar waɗannan shafuka ba. Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai tsaya ga zargin Amurka ba. Ya nuna yadda shugabannin sojan ƙasarsa suka jefa talakawa cikin yaƙin, da yadda maƙwabta suka tsangwami gidansu saboda mahaifinsa ya ƙi goyon bayan yaƙi. Faɗin haka a kan mutanenka ba abu ne mai arha ba.

Ba duk manga ne haka ba. Dragon Ball na Akira Toriyama, na 1984 zuwa 1995, ya ba ni nishaɗi matuƙa a farkonsa, amma tunda na gane cewa wanda ya mutu ana iya tara wasu duwatsu bakwai a dawo da shi, sai mutuwa ta daina ba ni tsoro a cikinsa. Akwai kuma cutar jan labari saboda kasuwa na ci, a yi ta ƙara abokin gaba a kan abokin gaba. Wannan cuta mun san ta a gida, tun daga littafi na ɗaya da na biyu da na uku na kasuwa har zuwa labaran da ake saki kashi-kashi a waya yau.

Wani darasi da na ɗauka daga manga shi ne na yin shiru. Mai zane kan ba da shafi guda ba kalma ko ɗaya, sai fuskar mutum ko ɗaki wayam, ya bar makaranci ya cike sauran. Mu kuwa in tauraruwa ta yi baƙin ciki sai mun faɗa, mun maimaita, mun sa ta yi jawabin shafi biyu tana kuka. Gani ya kori ji, ko a rubutun zube.

Tarihin Rayuwa

A nan marubuci da tauraro mutum ɗaya ne, don haka shi zai biya daga aljihunsa, kuma kuɗin da ake karɓa shi ne gaskiya. Na karanta littattafan manyan mutane da dama da suka rubuta tarihinsu bayan sun bar aiki. Yawancinsu jerin muƙamai ne da tafiye-tafiye da hotuna da shugabanni. Tun yana yaro shi ne na ɗaya a aji, duk shawarar da ya bayar ita ce daidai, duk abin da ya lalace laifin wasu ne. Irin wannan littafi na da amfani ga mai binciken tarihi, amma ni makaranci ban haɗu da mutum a cikinsa ba, riga da rawani na gani.

Wanda ya ba ni mutum sukutum shi ne labarin Baba ta Karo. Tsohuwa ce Bahaushiya da ba ta yi boko ba, ta zauna da Mary Smith a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 ta ba ta labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954, bayan rasuwarta a 1951. Ta ga zamanin harin bayi, ta ga zuwan Turawa. Ta yi aure huɗu, na farko na zumunci ne da ta yi don biyayya ga manya alhali ranta na wani wuri, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, sai 'ya'yan riƙo. Duk wannan ta faɗe shi ba kwana-kwana, ba ta nemi a tausaya mata ba, ba ta kuma mai da kanta waliyyiya ba. Ta yi maganar kishi da ƙawance da bori da zawarci yadda mata ke yinsu a tsakar gida in ba namiji a kusa. Abin mamaki, labarin aurenta na fari shi ne jigon da marubutan soyayya suka yi ta juyawa shekaru arba'in bayan haka, amma nata ya fi nasu nauyi, domin ita ba wani kawu mai gidaje da ya zo ya cece ta. Ta zauna, ta yi haƙurin da za ta iya, ta fita.

Ko littafi mai kyau ana iya kama shi da wannan ma'auni. L'Enfant noir na Camara Laye, ɗan ƙasar Gini, na 1953, ya taɓa ni a wurin rabuwarsa da mahaifiyarsa zai tafi karatu Faransa, domin ya nuna boko ya ba shi abu ya kuma ƙwace masa gida. Amma Mongo Beti na Kamaru ya soke shi da cewa ya rufe ido ga zaluncin mulkin mallaka. Ko mutum ya yarda da sukar ko bai yarda ba, ta koya mana mu riƙa tambayar mai ba da tarihinsa abin da ya tsallake.

Kammalawa

Na san wani zai ce, ai mutane na karatu ne don su huta da wahalar duniya, me ya sa za a bi su da ita har cikin littafi? Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Matar da ta wuni tana fama da gida tana da haƙƙin ta karanta labarin da zai ƙare da biki. Ban ce a kashe masoya ko a bar jarumi a ƙasa ba. Alhaji Imam ya samo ruwansa, Edward ya dawo da ƙanensa. Cewa na yi daɗin ƙarshe daga wuyar hanya yake samun ɗanɗanonsa, kamar yadda ruwa ya fi daɗi a bakin mai azumi. Haka kuma ban ce wannan ma'auni ya auna komai ba. Akwai zaƙin harshe, irin wanda ke sa a koma wa Magana Jari Ce ko an san ƙarshen kowane labari, wannan kuwa magana ce ta wata rana.

Shawarata ga 'yan'uwa masu tasowa ita ce, kafin ka kai rubutunka wurin buga shi, ɗauki takarda ka rubuta sunan babban tauraronka. A ƙarƙashinsa ka rubuta abin da yake nema, sa'annan abin da ya rasa kafin ya samu, sa'annan ka duba ko shi ya zaɓi ya ba da abin ko kai ne ka share masa hanya. In layi na biyu ya zauna wayam, to labarin bai nuna ba tukuna, a mai da shi kan wuta. In kuma tarihinka kake rubutawa, nemi shafin da kake jin nauyin a karanta a gabanka. In babu shi, akwai sauran aiki.

Allah ya ƙara wa alƙalumanmu albarka.